Tofin Mahaifiyata a Kwalbar Gwaji

Shekarun baya, wajajen ƙarshen 1980, ina ajin ƙarshe a sashen kimiyyar sinadarai a Kaduna. Aikina na kammalawa shi ne haɗa wata 'yar leda siririya da aka narka gishirin lithiyam a cikinta, irin wadda ake fatan sa wa a batir. Tambayar ɗaya ce: ƙwayoyin gishirin sun rabu suna yawo, ko sun manne wa juna biyu-biyu? Na'urar infrared ce ke ba da amsa. Takan ratsa ledar da hasken da ido ba ya gani, allura ta zana sakamakon a takarda.

Na'urar ba ta makarantarmu ba ce. Da ƙyar malamina ya roƙo mana rana guda, in na rasa ta kuwa sai baɗi, abokaina su fita su bar ni. Gishirin nan kuma mayen danshi ne, ko numfashi ba ya so. Don haka na rufe ledar gam a kwalba, na kwana da ita gida a Abakpa, ina lallaɓa ta kamar ƙwai, ina ji da kaina wai ni masani.

Washegari allura ta zana wani ƙaton kwari a takardar, wato layin ya nutsa ƙasa sosai. Malamina ya duba, ya ce, "Wannan ai ruwa ne. Ya shiga tsakanin ƙwayoyin, duk abin da muka auna ba naka ba ne. Sai baɗi."

Na koma gida. Mahaifiyata ta tare ni da fara'a, ta ce, "Yaya jarrabawar? Da ka tafi masallaci da asuba na buɗe kwalbar, na yi mata addu'a na tofa sau uku."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na dubi fuskarta na haɗiye. Na ce, "Ta kama, Umma. Har na'urar ta gan ta."

Ta ce, "Alhamdu lillahi."

Na maimaita shekarar, na fita lafiya. Har Allah ya karɓi ranta ban gaya mata gaskiyar ba, kuma ban yi nadama ba. Yau ni ke koya wa ɗalibai su kiyayi danshi, in nuna musu yadda ruwa ke ɓata awo. Sai dai duk sanda kwarin nan ya fito a takardar wani, kafin in yi faɗa nakan tambaye shi wa yake da shi a gida.