Kilo Sittin da Shida

Maigidana mahauci ne, ɗan mahauta, kuma tun kafin a ɗaura mana aure yake dambe. A gidansu ba abin mamaki ba ne, kakansa ya yi, ƙannen babansa biyu sun yi. Da kaka, in an gama girbi, sukan bi ƙauyuka, wani lokaci su tsallaka Kongolam su shiga Nijar, su dawo da ɗan abin da suka samo da kumburarrun fuskoki. Ni kuwa ina gida a Daura ina tuyar waina, maƙwabta suna aikowa su saya. A wancan damben ba wanda ya taɓa tambayarsa nauyinsa. Da ido ake duban mutum, a ce wannan ya yi daidai da wancan, a buga kalangu su shiga fili.

Muna da shekara shida da aure wani mai koyar da faɗa daga Kano ya gan shi yana wasa. Ya ce masa yana da saurin ƙafa, ya zo ya koyi irin faɗan da ake yi cikin keji, wanda ake haɗa naushi da shuri da kokawa. Ya ce ana biya da kyau, kuma wanda ya yi fice har ƙasar waje ake kai shi. Koci maigidana yake kiransa, ni ma da haka na san shi, don ban taɓa ganin fuskarsa ba. Daga nan maigidana ya fara zuwa Kano duk bayan mako biyu, ya bar wa yayansa teburin nama.

Wata rana da la'asar ya dawo daga kasuwa ya zauna bakin tabarma ina wanke tanda. Ya ce ya hau sikelin masu sayen fata, kilo saba'in da biyar ya yi.

Na ce, "To, madalla. Da yawa ne ko kaɗan?"

Ya ce, "Shi ne matsalar. A can aji-aji ake yi. Akwai na saba'in, akwai na saba'in da bakwai, babu komai a tsakani. Koci ya ce in zaɓa. Ke me kika gani?"

Bai saba neman shawarata a kan dambe ba, sai na ji daɗi. Na ce, "Ka shiga na saba'in da bakwai mana. Ƙara kilo biyu ai ba wuya, tunda ni ce mai tukunya."

Ya yi dariya ya ce shi ke nan. Wata biyu ina ɗura masa tuwon dawa da fura da ƙwai, yana ci yana motsa jiki. Ya tafi Abuja faɗansa na farko da ƙoshin lafiya, wuyansa ya cika.

Abin da ban sani ba, shi ma bai gama fahimta ba, shi ne kwana guda kafin faɗa ake awo. Wanda aka haɗa su ya fi kilo tamanin nesa ba kusa ba. Ya matse jikinsa ne kawai ya hau sikeli, da aka rubuta sai ya koma ya ci ya sha, washegari ya shigo keji ƙato. Ya kayar da maigidana ya danne shi har aka tashi. Ya dawo mini da karyayyen haƙarƙari, ya yi wata biyu ko cinyar saniya ba ya iya ɗagawa. Ya ce ji ya yi kamar an jibga masa buhun gero biyu a ƙirji. Bai taɓa cewa laifina ne ba, amma bai sake tambayata ba.

Da ya warke ya sauka ajin saba'in. Aka daina tuwo, sai dafaffen ƙwai da ganye da gasasshen nama marar kitse. Ya sha wuya, amma jikinsa ya ɗauka. A wannan ajin ya ci faɗa ɗaya, alƙalai suka ba shi. Ya dawo da turmin atamfa da fankar tsaye, abokan sana'arsa suka yi ta shigowa gaisuwa har kwana uku. In na tuna harkar gaba ɗaya, kwanakin nan uku kaɗai nake iya cewa mun ji daɗinta.

Bayan wata bakwai, tsakiyar bazara, koci ya kira. Wani ya janye daga wani babban wasa, an sami gurbi, amma a ajin sittin da shida. Saura mako biyar. Ya ce akwai baƙi daga waje da za su zo kallo, kuma mai shekara talatin da uku ba ya samun irin wannan damar sau biyu. A lokacin jikin maigidana ya riga ya koma saba'in da shida, don da ya fara cin abinci irin na mutane yake komawa inda yake.

Na ce, "Kilo goma fa ke nan. Daga ina za a cire su? Ba ka da tumbi, ba ka da komai."

Ya ce, "Yawanci ruwa ne. Kowa haka yake yi."

"Ka jira na saba'in mana, tunda a nan ka ci."

"In jira har yaushe? Layi ne a can. In na ce a'a yau, gobe ba za a kira ni ba."

Gaskiya ina da abin faɗa, amma na tuna ni ce na tura shi inda aka karya masa haƙarƙari, sai na ga ba ni da bakin magana.

Tela ya ɗinka masa riga da wando na leda. Bayan azahar, lokacin da ko awaki sun nemi inuwa, sai ya saka su ya fita gudu a bakin titi. In ya dawo ya tuɓe, gumi ne ke zuba daga hannun rigar kamar an buɗe famfo. Yakan sa tsamiya a baki ya riƙa tofa yawu cikin gora. Ya sayo wasu ƙwayoyi a kemis masu sa fitsari. Idanunsa suka faɗa, ya zama mai saurin fushi, shi da ko tsawa ba ya yi wa yara. 'Yarmu ta fari ta tambaye ni wane irin azumi ne Baba yake yi da ba a shan ruwa ko an kira magariba. A makon ƙarshe na ajiye tanda, don ƙamshin waina na sa shi fita daga gidan.

Sau ɗaya na je wurin yayansa na roƙe shi ya yi masa magana. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Na faɗa masa. Babba ne, ba zan ɗaure shi ba. Ki yi ta addu'a."

Kwana biyu kafin awo ya daina shan ruwa kwata-kwata, sai dai ya kurkure baki ya zubar. Ranar tafiya na riƙe masa jaka har zaure, na ga yana dafa bango kafin ya taka dakali.

Ranar awo ya kira ni, da ƙyar na gane muryarsa. Ya ce, "Sittin da shida cif. Na yi." Na ce Allah ya ba da sa'a, ya sha ruwa don Allah. Ya ce yana sha amma yana dawowa.

Washegari, ko turmin farko na faɗan bai gama ba. Daga baya ya gaya mini cewa tun da aka rufe ƙofar kejin yake ganin mutumin biyu-biyu, ƙafafunsa kamar ba nasa ba. Aka shaƙe shi, alƙali ya raba.

Ya dawo gida yana amai. Fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, daga baya ma ya kusa ɗaukewa. Muka kai shi asibiti a nan Daura, suka yi masa ƙarin ruwa suka tura mu Katsina. Likitan ya tambaye shi abin da ya yi wa jikinsa, yana faɗa likita na rubutawa, bai ɗago kai ba. Likitan ya ce ƙodojinsa sun ji rauni, suna iya farfaɗowa, suna iya ƙi. Koci ya kira sau biyu, ya aiko da ɗan abin sayen magani, daga nan ba mu sake jin sa ba.

Yau shekara biyu ke nan. Yana zuwa kasuwa, amma a zaune yake wuni, yayansa ne ke sara. An hana shi gishiri, nama ma sai ɗan yanka biyu. Har yanzu wani lokaci sai ya fara lissafi shi kaɗai, ya ce da ya tsaya a saba'in, ko ya ce da ya koma saba'in da bakwai ya dage da koyon kokawa. Ni dai na daina yarda akwai ajin da ya dace da shi a cikinsu.

Watan jiya muka koma Katsina. Likita ya duba takardun gwaji ya ce ba a sami ci gaba ba, mu fara shirin wankin ƙoda, wataƙila sau biyu a mako. Ba mu tambayi kuɗin ba. A mota muna dawowa ya ce kada in gaya wa Inna, mahaifiyarsa, wadda ke zaune a Dutsi wurin ƙanwarsa. Na ce to.

Muna shiga gida muka tarar da ita a tsakar gida, ta zo duba shi ba tare da ta aiko ba. Rabonta da shi tun yana kwance a rame. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta ce, "Ya jikin?" Ya ce da sauƙi. Ta dubi fuskarsa da ta tasa, da ƙafafunsa da suka kumbura suka cika takalmi, ta juyo wurina.

"Alhamdulillahi, ya yi ƙiba. Sannu da ƙoƙari, 'yar nan, Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin, na shiga madafa na ɗora mata ruwan tuwo.