Ƙeyar Babanmu

Duk unguwarmu babu mai son ƙwallo kamar Babanmu. Ranar da ya samu aiki a babban filin wasa na cikin gari, inda ƙasashe ke zuwa su kara, sai da ya bi gida-gida yana karɓar barka. Kallo kyauta, kuma a bakin fili! Bawan Allah bai san abin da ke jiransa ba.

Aka ba shi riga mai ruwan ɗorawa da 'yar kujera, aka dasa shi a bayan raga. Ashe aikin shi ne ya ba fili baya, ya zuba wa 'yan kallo ido, kada wani ya tsallako ko ya yi jifa. Shugabansu ya ce duk wanda ya waiga, ya tuɓe rigar ya kama gabansa.

Haka ya yi shekara da shekaru. Manyan 'yan wasan duniya suka yi ta sheƙa gudu a bayansa, yana jin hakinsu, bai ga fuskar ko ɗaya ba. Mu kuwa a talabijin ƙeyarsa muka sani. Da an zo bugun kwana sai Mama ta ce, "Ga ƙeyar babanku can, ku gaishe ta." In ya dawo ya tsare mu da labarin wasa, har da musu da mu da muka gani.

Na taɓa ce masa, "Tsakani da Allah, Baba, ba ka taɓa satar kallo ba?"

"Sau ɗaya na so," in ji shi, "wuyan ya ƙi."

Burinsa bai wuce ya ga an zura ƙwallo a filin nan da idonsa ba. Da ya ajiye aiki na samo mana tikitin wasan ƙasarmu, muka hau can sama muka zauna. Ya daɗe yana kallon ciyawar, ya ce, "Ashe haka take da kyau!" Na yi dariya, amma wallahi tausayinsa ya kama ni.

Har aka kusa tashi ba a ci ba. Can sai ɗan wasanmu na gefe ya zille, ya ɗaga ƙwallo zuwa bakin raga. Jama'a suka miƙe da ihu.

"Baba, duba! Duba!"

Ƙwallo ta shige raga. Na juyo in rungume shi, na tarar ya ba fili baya, ya ware hannuwa, yana ce wa wasu samari da ke tsalle a bayanmu, "A hankali, a hankali, kada ku faɗo!"

Da hayaniya ta lafa ya zauna. Ya dubi allon sakamako, ya dube ni. Sai ya tambaye ni:

"Da ka aka ci ko da ƙafa?"

"Da ka, Baba."

Ya gyaɗa kai.

"To. In mamanki ta tambaya, na gani."