Rumbu ko Sawun Raƙuma

Kakata Dije ba ta ba da tatsuniya da baki kaɗai. Idan sanyi ya shigo ƙauyenmu da ke kusa da Tama, bayan an ci tuwo sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta share ƙasa da tafin hannu, ta ce mu kawo mutanenmu. Mutanen nan na laka ne. Mu muke gina su da rana da lakar fadama, kowane bai wuce tsawon yatsa ba: mahaya, masu baka, mata da tulu a ka. Mu huɗu ne jikokinta a gidan, amma wadda ta fi hannu ita ce Rabi, 'yar baffana. Ni aikina rubuta sunayensu a bayan kayen lakwal, wato littafin rubutuna na makaranta, don ban iya gini ba, kuma ban cika magana ba.

"Ga ta nan tahe," in ji Kaka. "Wa ka karɓa?"

"Mun karɓa!"

Labari ɗaya ne, kullum daga inda aka tsaya jiya ake ɗorawa. Wani gari ne a gindin dutse, a zamanin da mahara ke saukowa daga arewa bisa raƙuma. Kaka takan ajiye duwatsu biyu ko uku a ƙasa, ta ce wannan rijiya ce, wannan garken awaki, wannan hanyar kasuwa. Kowane dare jika ɗaya ke faɗin abin da mazajen garin za su tsare ko su nema, kuma abu ɗaya tak. Daga nan ta watsa wuri huɗu, irin na kuɗin dā, da ta gada wurin uwarta, waɗanda babana ba ya son gani, yadda suka faɗi shi ke nuna wanda ya tsira. Wanda ya mutu a jefa shi kaskon ruwan kaji, muna kallo ya narke. Ba a sake gina shi.

Mun yi kusan wata muna haka. Mun tsare rijiya, mun rasa awaki, mun ƙwato su. Ranar da zaɓe ya zagayo kaina, mazaje tara suka rage a kayena.

A daren nan Kaka ba ta yi raha ba. Ta ɗauki wata yarinya mai tulu, wadda Rabi ta ɓata yini guda tana yi mata kitso da ƙaya, ta kai ta can gefen da hasken wuta bai kai sosai ba.

"Wagga ɗiya ta tahi ɗiban ruwa da asuba, mahara sunka ɗauke ta. Ga sawun raƙumansu nan, bai bushe ba. Amma rabinsu na bayan dutsi, suna jiran maza su hita su sa ma rumbuna wuta. Hatsin shekara duk shina ciki." Ta dube ni. "Angona, yau kai ad da magana. Rumbu ko sawu?"

"A raba su biyu, Kaka," na ce a hankali.

"Kai ji mini wayon ɗan lakwal! Mutum tara za ka raba? Abu guda."

Rabi ta damƙe mini hannu. "Sawu, Isuhu. Ka ce sawu."

Na duba kayena. Na ƙirga matan garin da yaransa, har da tsohon da muka gina da sanda, na ga sun haura talatin. Na tuna yadda cikina ke yi a watan da hatsinmu ke ƙarewa kafin sabo ya nuna. Na daɗe ina kallon wutar, har kara ɗaya ya cinye.

"Rumbu," na ce.

Kaka ta watsa wuri sau uku. Muka kori maharan, mutum ɗaya kawai muka rasa, ko zangarniya ba ta ƙone ba. Sauran yaran biyu suka yi ihu. Rabi ta miƙe ta ɗauko yarinyar za ta kai ta kasko, tana kuka ba sauti, sai Kaka ta riƙe ta.

"Aje ta. Wa ya ce miki ta mutu?"

"To za ta dawo?"

"Wa ya ce miki za ta dawo?"

Ta ɗora ta bisa katangar arewa, fuskarta waje. Washegari da Rabi ta karɓi zaɓe, tun kafin a ajiye duwatsu ta ce sawu. Kaka ta girgiza kai, ta ce iska ta share shi tun jiya. Yarinyar ta zauna kan katangar har damina. Duk sanda na fita da safe sai na ga bayanta. Rabi ta yi kwana goma ba ta yi mini magana ba, ni kuwa na daina rubutu a kayen.

Ina ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, a Madawa Kaka ta rasu. Bara, a jami'a, wani abokina ya ja ni ɗakinsu inda suke wani wasan yaƙi da 'yan sojojin roba bisa tebur, labarin na tafiya mako bayan mako kamar namu. Kafin a fara, kowa na zaɓen abin da rundunarsa za ta cim ma, kuma an rubuta makin kowane a kati. Suka miƙo mini katunan. Na juya su na sake juyawa, ina neman inda aka rubuta abin da za a bari a baya, ban gani ba. Na ce kaina ke ciwo, na fita.

Da na je gida hutu na ba babana labarin, muna zaune bakin gonar albasa. Ban zaci ya san wasan ba.

"Mu ma ta yi muna shi," ya ce. "Ni na ce sawu."

"Kun same ta?"

"Mun bi kwana ukku, ba mu cim musu ba. Munka dawo an ƙone rumbuna. Rabin garin ta zuba cikin kasko, tana zubawa tana hawaye." Ya tsinke wata ciyawa. "Ba tatsuniya ba ce, Isuhu. Yayar uwatta ce anka ɗauka. Kakanta shi ya ce rumbu, kuma da hatsin nan munka kai yau."

Da ina tsammanin Kaka na koya mana dabara ne, ko tana gwada wanda ya fi tausayi a cikinmu. Yanzu ina ganin tambayar ce ta yi mata nauyi, ta gaje ta ba amsa, sai ta riƙa ajiye ta gaban yara ko wani cikinsu zai hango hanyar da manya ba su gani ba. Ba wanda ya hango. Abin da na ɗauka dai shi ne, duk sanda na faɗi abin da zan tsare, na riga na faɗi wanda zan bari, ko ban ambace shi ba. Ban ce na yi kuskure a daren nan ba. Ban kuma taɓa jin na yi daidai ba.

Na tambayi babana sunan yarinyar da aka ɗauka, na gaskiya.

"Ba mu taɓa tambayatta ba," ya ce. "Kuma yanzu babu wanda za a tambaya."