Jijiyar Ƙafar Baffa Hudu

Duk wanda ya san Baffa Hudu na Kiyawa ya san ba a yi masa bayani sau ɗaya. Kana rufe baki zai ture hula ƙeya ya ce, "Tsaya, tsaya! Wato kana nufin..." sai ya maimaito maka abin da kai ma ba ka taɓa ji ba. Yayan mahaifina ne, ni na yi jinyarsa, don haka ni na fi kowa shan ruɗani.

Da ciwon ƙirji ya matsa masa muka kai shi asibiti a Dutse. Likita ya ce kitse ne ya toshe jijiyoyin da ke kai wa zuciyarsa jini.

"Kitse? Ni? Likita, dube ni fa! Akuyata ta fi ni nama."

"Na cikin jijiya ne, Baba."

"Wato kana nufin na yi ƙiba a ɓoye?"

Wallahi har murna ya yi, ya dinga ba mai keken da ya ɗauko mu labari.

Aka tura mu Abuja tiyata. Suka ce za a ciro jijiya daga ƙafarsa a yi wa jini sabuwar hanya, in ba haka ba zuciyar na iya tsayawa. Baffa ya dube ni. "Ƙirji ke ciwo, ƙafa za su yanka. Hauwa, miƙo min takalmina." Na yi ta roƙo ina kuka, alhali ni ma ban gane ba. Daga ƙarshe ya ce, "To a yi. Amma a ɗauki ta hagu, da ta dama nake tayar da babur."

Bayan aiki wata likita ta nemi izinin sa shi cikin bincike.

"Bincike? Me aka ce na yi?"

"Bibiyarka kawai za mu riƙa yi, Baba."

"Har da bibiya! Innalillahi!"

Ta ce abin da suka gano zai amfani marasa lafiya na gaba. "Au, sadaka ce? Ai sai ki ce sadaka, 'yar nan!" Daga nan shi ya koma bibiyarsu. Ko gero ya yi tsada sai ya buga waya ya sanar.

Da muka dawo gida ya tare liman a ƙofar masallaci. "Allah gafarta Malam, in na zo wanke ƙafa a alwala, guntun da ke cikin ƙirjina fa?" Liman ya ce zai duba.

Ya ƙara shekaru yana nomansa. Daminar bara ya rasu, bayan ya idar da la'asar, a gaban jikokinsa. Har yau in na shiga zaurensa sai na yi sallama da ƙarfi, na manta babu mai amsawa. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sada mu da shi a Aljanna.