Kan Wayar da Aka Daina Yi

Wani dattijo yana tsaye a shagon kayan kwamfuta, rigarsa a goge, yatsunsa baƙi da tawada. Da gani, buga wa mutane takardu ne abincinsa, wataƙila ma ya baro masu jira a benci. Yana kwance hankici a hankali, sai ga wayar wutar firintarsa, kanta mai haƙora uku ya ƙone.

"Baba, an daina irin wannan," in ji mai shago, ko ɗagowa bai yi ba. "Yanzu kai iri ɗaya ake yi wa kowace na'ura. Sauƙi aka kawo muku."

Dattijon ya ɗauki wata sabuwar waya a kan teburi, yana gwada sabon kan da tsohon. Ko makaho ya shafa ya san ba zai shiga ba.

"Firintar lafiyarta ƙalau, ɗana. Mahaifinka ne ya raba ni da tafiretata a kan teburin nan. Ya ce wannan ita za ta binne ni."

"Sai dai sabuwar firinta, Baba."

Dattijon yana naɗe wayarsa a yatsunsa tsaf, yana mayar da ita cikin hankici.

"Tafireta," in ji shi, ba da kowa ba, "ba ta taɓa roƙona wuta ba."