'Yar Akuyar da Ta Ƙi Nonon Roba

Duk wanda ya taɓa aiki a gonar Hoekstra, can bayan garin Morrinsville, ya san Erana Matenga, kodayake ba mai kiran ta da sunan. Goggo ake ce mata, har da Lindsay Hoekstra mai gonar, wanda ya girme ta nesa ba kusa ba. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, kullum cikin takalman roba da tsohuwar rigar sanyin mijinta. Daga duwatsun gabas ta fito, wajen garin Ruatoria, ta biyo mijin nan yankin Waikato sa'ad da ya samu tuƙin tankar madara. Shi ya rasu, 'ya'ya suka watse Ostireliya, ita kuma ta tsufa a rumfar 'yan awaki.

Awakinmu ba sa fita kiwo. A rumfa suke kwana su tashi, mu ne masu yanko ciyawa mu zuba musu. In sanyin Yuli ya kama, don a nan lokacin ne hunturu, haihuwa ta fara, ƙa'ida ɗaya ce: da zarar ɗa ya faɗo, a ɗauke shi kafin uwar ta juyo ta lashe shi. Ba mugunta ba ce. Akwai wani ciwo mai bin nono da ba shi da magani. Babbar akuya yakan kumbura mata gwiwoyi, ƙarami kuwa yakan kashe masa ƙafafun baya. Waɗanda gwaji ya nuna suna ɗauke da shi an maƙala musu jan tambari a kunne, an ware su a ƙarshen rumfa.

Goggo ce ke karɓar jariran. Ta goge su da tawul, ta ba su dakashin da aka riga aka dafa don kashe ciwon, ta kwantar da su ƙarƙashin fitilar ɗumi, sannan ta koya musu tsotsar nonon roba na injin madara. Ba ta taɓa cewa aikin na da daɗi ba. In aka cusa su da yawa a shinge ɗaya sai su koma tsotsar kunnuwan juna har su yi gyambo, ita kuwa ta bi Lindsay da mita har ya buɗe wani shingen. Ita ta kwaso tsofaffin tayoyi ta zuba musu don su sami abin hawa. Ita ta tsaya kai da fata a riƙa yi musu allurar kashe zafi kafin a ƙone musu tushen ƙaho. Lindsay yakan ce ya ɗauki ma'aikaciya ashe suruka ya samu.

Abokin aikinta shi ne Rodel, ɗan Filifin, magidanci mai yawan zolaya. Shi ke dafa dakashi, shi ke wanke injin.

A cikin masu jan tambari akwai wata tsohuwar akuya, Kuini, wadda Goggo ta rena da hannunta tun tana jaririya, daga baya ciwon ya same ta. Wata safiya ana ruwa, muna ɗakin shayi, Goggo ta ce bari ta leƙa ƙarshen rumfa ta dawo. Ta tarar Kuini ta haihu ba kowa kusa. 'Ya mace, an lashe ta tas, har ta miƙe tana tangaɗi tana laluben hantsar uwar.

Goggo ta miƙa hannu za ta ɗauka. Sai Kuini ta yi wannan ƙaramin gurnani na cikin maƙogwaro da akuya ke yi wa sabon ɗanta. A gonarmu ba a jin sa, domin ba a barin su su kai nan. Goggo ta gaya mini daga baya cewa rabonta da shi tun tana yarinya a gidan ubanta. Hannun ya tsaya. 'Yar ta sami kan nonon ta kama.

Haka Rodel ya same su.

"Goggo, mai jan kunne ce fa."

"Na gani, ɗan nan. Ban makance ba."

Ya ce da shi ya yi haka da tuni ta feɗe shi ta shanya fatar. Ta ce kurɓa ɗaya ce, me kurɓa ɗaya za ta yi. Ta jira har 'yar ta saki da kanta, sannan ta ɗauke ta.

To, wanda ya ɗanɗana na uwa ba ya yarda da roba da sauƙi. Goggo ta tura mata a baki, 'yar ta kau da kai, madara na bin haɓarta. Sai ta tsaya jikin shinge ta fuskanci ƙarshen rumfa tana kuka, Kuini na amsawa daga can. Kafin a jima muryar ta dishe, bakin kawai ke buɗewa. Ta koma lungu ta ƙudundune, 'yan'uwanta na tattaka ta in sun ruga wajen inji. Abin da ake yi wa irinta sananne ne: a zura mata siririn tiyo har ciki, a jure, yunwa za ta koya mata sauran. Goggo ta sani, ita ke koya wa sababbin ma'aikata. Amma da lokacin shayi ya yi sai ta cusa 'yar cikin rigar sanyinta ta nufi ƙarshen rumfa. Ta ce ai abin da zai faru ya riga ya faru.

Rodel ya gan ta da rigar a kumbure, ya ce, "Goggo, a shekarunki? Wa za mu taya murna?"

Ta ce in bai rufe bakinsa ba kwalbar madarar da ke hannunta za ta ƙare a kansa. Ya yi dariya, amma da ta wuce sai ya bi ta da ido. In Lindsay ya tambayi dalilin da ba a ganin Goggo a ɗakin shayi, sai Rodel ya ce likita ya hana ta biredi mai mai.

Bayan 'yan kwanaki 'yar ta yi ƙarfi, ta ga 'yan'uwa na tsotsa, ita ma ta kama robar. Goggo ta daina kai ta. Kuini ta yi kukanta ta gaji. 'Yar kuwa ta fi kowa girma a shingen, ita ce kullum a saman taya tana ture na ƙasa. Goggo ta fara cewa ai ba duka ne suke kamuwa ba.

Ciyawa ta tsiro, rana ta dawo. Wata rana 'yar ta diro daga kan taya, ƙafar baya ta lanƙwashe. Ta tashi ta ci gaba da wasa. Mako ya zagayo tana jan ƙafar, sai ɗayar ma ta bi. Idonta garau, tana cin abinci, in ta ji takun Goggo sai ta ja jiki da ƙafafun gaba ta zo.

Likitar dabbobi ta zo ta ɗebi jini, sakamako ya tabbatar. Lindsay ya rasa ta inda abin ya shigo, ya fara tambayar Rodel ko akwai ranar da dakashi bai dahu sosai ba. Rodel ya sunkuyar da kai.

"Maigida, ƙyale shi," in ji Goggo. "Uwarta ta sha. Ni na bari, ni na riƙa kai ta."

Lindsay ya juyo gare ta. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ce, "Ke fa kika koya wa kowa a nan, Goggo." Sannan ya ce wa likita ta gwada duk na shingen, tunda bakin roba ɗaya suka yi ta tsotsa.

Goggo ce ta riƙe 'yar a cinya aka yi mata allurar ƙarshe, wadda ba a farkawa daga ita. Tana cikin taunar maɓallin rigar ta yi laushi. Daga cikin 'yan shingen kuma aka sami wasu da suka ɗauka. Lindsay ya ce Rodel ya sa musu jan tambari, Goggo ta karɓe na'urar daga hannunsa ta yi da kanta, ɗaya bayan ɗaya, tana kiran kowace da sunan da ta laƙaba mata.

Ba a kore ta ba, kuma ba wanda ya sake tayar da maganar. Wata rana muna zuba ciyawa ta ce mini ta rasa wanne ya fi ci mata rai, guda ɗayar da ta bari ta sha ko dubban da ta hana. Ta ci gaba da zuba ciyawarta.

Ta ƙara wasu shekaru a gonar kafin gwiwoyinta su gaza. Amma daga wannan shekarar ba ta sake zuwa wajen masu haihuwa ba. In lokaci ya yi sai ta zauna kusa da fitila da tawul a cinya, Rodel ya riƙa kawo mata su a kwando, jiƙe, suna rawar sanyi. Abu ɗaya ta roƙe shi: kada ya gaya mata ko wace ce uwar.