Akushin Malam Usaini a Wajen Ciyayya

Malam Usaini manomin rani ne a wani ƙauye da ke shan ruwan Watari. Tun yana saurayi yake noman tumatir da albasa, mutum ne da sai ka yi magana goma kafin ya yi ɗaya. Shekara arba'in da ɗoriya, kullum bayan magariba a ƙofar gidansa ake shimfiɗa tabarma, magidanta su fito da akusansu a yi ciyayya. A janyo na wannan a cinye, a ture, a janyo na wancan. Su bakwai suka fara, ƙasa ta rufe biyu.

Matarsa Hafsatu kuwa hannunta ya yi suna a unguwar. Miyar kukarta sai ka ture man shanu gefe kafin ka ga kukar.

Da ya haura sittin da biyar, ƙirji ya fara riƙe shi. In ya ɗauko taki daga bakin hanya zuwa fadama sai ya tsaya sau uku, yana yi kamar shuka yake dubawa. Babban ɗansa Abdulrashid, mai sayar da wake a Dawanau, ya kai shi asibiti a birni. Aka ɗauki hoto, likita ya ce wani abu kamar alli ya taru a jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, sun yi tauri sun matse, ga kuma hawan jini. Wannan bai yi masa wuyar ganewa ba, mutumin da ya sha cire tiyon ban-ruwa ya tarar laka ta toshe shi. Aka ba shi maganin sha kullum, aka ce a rage gishiri da dunƙule, a bar man shanu da kitse, a yawaita wake da zogale da rama da kifi.

Abdulrashid, da yake komai a waya yake jinsa, ya ƙaro kwalbar bitamin, wai tana wanke allin. Tsohon ya fi ƙaunar kwalbar nan a kan duk maganar likita. Ƙwaya ce ja mai santsi, ba ta hana kowa cin komai.

Hafsatu ta riƙe doka kamar farilla. Man shanun da ya rage ta rabar, miya ta koma salam, akushi kuma ya ci gaba da fita ciyayya. Mazan nan masu cewa mata ne da gulma, kowa ya shiga gida ya gaya wa matarsa Hafsatu ta tsufa, hannu ya mutu. Magana ta zaga ta iske ta a gidan suna. Ta haɗiye, ta ce in dai mijinta zai ga wata damina, a kira miyarta ruwan wanki ma ta yarda.

Bayan wata huɗu suka koma asibiti, har da ita. Jini bai sauka ba, ƙirji na nan yadda yake. Likita ya tambayi abinci, Hafsatu ta zayyana masa duk abin da take sakawa a tukunya. Shi ma da alama ɗan ƙauye ne, don sai ya juya ya ce, "Baba, ku nawa kuke cin abincin nan?"

Malam Usaini ya hau gyaran hula. Da ƙyar ya ce su biyar ne. Loma biyu yake samu a akushin gidansa, sauran cikin a na mutane yake cika shi, musamman na amininsa Muhammadu Sani mahauci, wanda miyar gidansa ba ta rabuwa da kitse. In ya shigo sai ya kora da bitamin. Likita ya ce masa ƙwayar ba tsintsiya ba ce, allin da ya zauna ya zauna, abin da ake nema kada ya ƙaru.

Sai da suka shiga gida Hafsatu ta cire mayafi, sannan ta dube shi.

"Malam, ashe wata huɗu Muhammadu Sani nake jinya. Allah Ya ƙara masa lafiya."

Ya ce ta fahimce shi. Mutum ya tsame hannu daga akushin maƙwabcinsa, ai kamar ya ce ana zuba masa wani abu ne. Da wane bakin zai faɗa? Ta ce da wanda yake cin kitsen. Ko ya gaya musu yau, ko ita ta gaya wa Maimunat matar mahaucin, gobe kafin hantsi gari ya ɗauka.

Da magariba ya fito, ya zauna, ya daɗe yana wanke hannu. Sannan ya faɗa musu, kansa a ƙasa, har da maganar allin. Muhammadu Sani ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai dai wawan tsoho ne, Usaini. So kake ka mutu a ce miyar gidana ce?"

Ya janye akushinsa can gefe, ya tura wa Malam Usaini na Hafsatu gabansa, ya taso ya zauna tsakaninsa da sauran akusan. Wurin zamansa ke nan har yau, damina biyu ke nan. Malam Usaini na cin wakensa da zogale yana mita, in hannunsa ya yi ɓatan kai ya nufi wani akushin, mahaucin ya buge shi ba tare da ya daina tauna ba.